Idon da Malam Duba Ya Gane

A unguwarsu Malam Duba ake ce masa, alhali bawan Allah bai taɓa buga ƙasa ba. Aikinsa a asibitin ido yake, can ɗakin ƙarshe bayan wurin karɓar magani, inda aka toshe taga da baƙin labule. Ƙananan asibitoci da shagunan tabarau su ke ɗaukar hoton cikin idon mutane da na'ura, su turo masa ta kwamfuta, shi kuma ya duba. Babu suna a jikin hoton, sai lamba. Idan lafiya lau ne ya danna kore, mai ido ya dawo baɗi. Idan da 'yar matsala ya danna rawaya. Ja kuwa, wannan yau-yau ake neman mutum.

A gaskiya matsoraci ne, kuma shi ma bai musu. Mutumin da ko kaza za a yanka sai ya shige ɗaki! Shi ya sa aikin ya yi masa daidai. Ya sha hango makanta tun mai idon bai san tana tafe ba, amma bai taɓa kallon fuskar kowa ya faɗa masa ba. Wannan nauyin likita ne. Yakan ce, "Ni ido nake gani, ba mai ido ba."

Ido ɗaya ne ya san mai shi. Lokacin da yake koyon aikin, babu mai yarda ya zauna masa a gaban na'ura, sai matarsa, tana amarya a lokacin. Ta yi ta ɗora haɓa a kan ƙarfen nan, haske na dukanta har hawaye ya zubo, tana cewa ita dai ta auri wahala. A idonta na hagu akwai wata jijiya da ta naɗe kanta kamar ƙullin zare kafin ta miƙe. Bai taɓa ganin irinta a wani ido ba, ya kuma daɗe yana tsokanarta cewa har cikin ido ma ƙulla mutane take yi.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, shayinsa na gefe. Wani hoto ya shigo daga shagon tabarau da ke can ƙarshen gari. Cikin ido lafiyayye kamar lemon da aka yanka yake, jijiyoyi sun bazu, ga ɗan farin wuri zagayayye inda jijiyar gani ta shigo. A wannan hoton wurin ya kumbura, bakinsa ya ɓace, ga ɗigon jini a kewaye. Ya buɗe na ɗaya idon, shi ma haka. Ya san ma'anarsa: wani abu ne cikin kai yake matso idon ta baya. Yana iya zama hawan jini, yana iya zama ƙari ne ya tsiro a ƙwaƙwalwa. Ya danna ja, ya ce, "Allah ya ba mai wannan ido lafiya," kamar yadda ya saba. Har ya kai hannu zai wuce, sai ya ga ƙullin.

Ya cire tabarau ya goge, ya matso da hoton, ya ce wa kansa ai Allah mai halitta ne, mutum ma yana da mai kama da shi balle jijiya. Ƙullin dai yana nan inda ya san shi. Sai abubuwa suka yi ta dawo masa: yadda take ɗaure kai tamau da ɗankwali da safe, yadda take dafa bango in ta miƙe ta ce jiri ne kawai. Wato gari guda ta ratsa don kada ya sani, ba ta san hotunan shagon a teburinsa suke sauka ba.

Likita ta leƙo, ta kalli hoton, fuskarta ta canja.

"A kira shagon, su nemo mai lambar nan yanzu."

"Ba sai an kira ba, Likita," in ji shi. "Uwar 'ya'yana ce."

Bai san yadda ya isa gida ba. Ya same ta a tsakar gida kan tabarma tana tsintar shinkafa, tukunya na kan wuta, ga sabon tabarau a hancinta. Tana ganinsa ta zare shi ta tura ƙarƙashin faranti.

"Baban yara, lafiya da rana tsaka?"

Ya zauna a bakin tabarma. "Kin je an ɗauki hoton idonki."

Ta yi 'yar dariya. "Kai da shegen ƙullin nan. To na je. Ganina ne ke ɗaukewa, ya dawo. Na san halinka, in na faɗa maka ko abinci ba za ka ƙara ci ba."

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu." Ta ture farantin, ta dube shi. "Wanne ka danna mini?"

Ta san launukan sarai, shi ya koya mata. Ya ji kamar ya ce rawaya, ko ya ce likita za ta yi bayani. Amma babu labule a nan, babu lamba, ga mai idon a gabansa tana jira. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

"Ja," ya ce.

"Duka biyun?"

"Duka biyun. Kuma ba a idon abin yake ba, a kai ne. Sai an yi hoton kai za a sani. Likita na jiranmu."

Ta tashi a hankali, ta sauke tukunyar, ta ce ya faɗa wa maƙwabciya ta tari yara in sun taso makaranta. Ta nufi igiyar shanya za ta ɗauko mayafi, ta kai hannu, hannun ya wuce ta gefe. Ta sake kaiwa, ya sake wucewa.

"Baban yara," ta ce, ba ta juyo ba, "ya sake ɗaukewa. Zo ka riƙe ni."