Laba Goma Sha Ukku

Ni dai har gobe in na ga sikelin nan mai ƙugiya, irin wanda alhazai ke auna jaka da shi, sai in ji raina ya ɓaci. Maigidana kan ce in bar abin ya wuce. To, bai wuce ba, kuma ban ga ranar wucewar shi ba.

Ƙanwata na aure a wani ƙauye cikin ƙasar Dudunni, ni kuma ina Kankia ina ɗinki a gida. Da daminar shekarar da abin ya faru ta yaye ɗiyarta tana wata goma sha biyar, saboda wani cikin ya shiga. Yarinya ta ƙi kunu, ga zawo ya sa ta gaba. Mijin ƙanwar tawa yana can kudu wajen nema, gidan duk yana hannun wan shi, wani Alhaji da bai daɗe da sauke farali ba. Da labari ya iso mani na shiga mota zuwa Kusada, daga nan mai mashin ya ƙarasa da ni.

Ina isa na ɗauki yarinyar. Tun ina ƙarama nake kai niƙa, hannuna ya san nauyin hatsi, kuma wallahi ɗiyar nan ba ta fi tiya biyu da rabi ta gero ba. Gashinta ya yi ja, fatar cinyarta ta tattare kamar ta tsohuwa. Kukan ma sai dai ka ga baki ya buɗe.

Ƙanwata ta ce, "Yaya, sau ukku ina roƙo a bar ni in kai ta asibiti."

Na sa hijabina na iske Alhaji a zaure, na gaishe shi da ladabi, na faɗi abin da idona ya gani. Ya ce, "Asibitin mi? Ana tsakiyar noma wa zai kwashi mata zuwa Kankia? Yaye ne, kowane yaro da irin tashi ramar." Da ya ga ban tashi ba sai ya shiga ɗaki ya fito da sikelin da ya sawo a Makka. Aka ƙulle yarinya cikin zane aka rataya a ƙugiya, ya ɗaga, ya kanne ido ɗaya ya karanta. "Sha ukku!" Ya sa aka kawo katinta na rigakafi, ya bi layi da yatsa, ya ce sa'anninta kilo tara ne zuwa goma, ita ta ma zarce.

Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, yarinyar nan ba ta kai haka ba."

Ya ce, "Ikon Allah! Ke tela ce ko likita? Hannunki ya fi na'ura?"

Matan gida suka ƙyalƙyale da dariya a bayan danga. Tsohuwar gidan ta leƙo ta ce kada in yi wa jikarta baki. Ni kuma na tuna gidan surukai ne, in na ja magana gobe a ce na zo kashe wa ƙanwata aure. Na haɗiye, na yi sallama, na komo Kankia. Wannan shirun nawa shi ne abin da ya fi ci mani rai a duk labarin, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa shi.

Kwana goma sha ɗaya aka yi. Sai ga wani dattijo maƙwabcinmu ya kawo babbar rigar shi in ɗinke mashi aljihu. A ƙuruciyar shi awon gyaɗa da auduga ya yi. Ina taka keke ina mita, har na kai ga maganar kilo sha ukku. Ya ce, "Tsaya, ɗiyata. Sikelin nan kilo yake faɗi ko laba?"

Na ce, "Baba, mi ne ne kuma laba?"

Ya riƙe baki. Ya ce da laba suka yi awo kafin kilo ya zo, kuma irin sikelin nan na waje yana da maɓalli, in an danna sai ya koma laba. Laba biyu da ɗan ɗoriya ne kilo guda. "In an ba ki laba, ki raba biyu, sannan ki cire kashi ɗaya cikin goma na abin da ya rage." Na lissafa da allin ɗinki a jikin teburi. Rabin sha ukku shidda da rabi, in an rage bai ma cika shidda ba. Na ce innalillahi, na bar rigar a bakin allura.

Da safe na sayi ledar taliya biyu, kowace an rubuta rabin kilo a jikinta, na kama hanya. Wannan karon ban tsaya doguwar gaisuwa ba. Na iske Alhaji zai fita gona, na ce ya taimaka ya auna mani taliyar nan. Ya yi dariya, ya rataya. Sikeli ya nuna biyu da ɗigo biyu.

Na ce, "Kilo guda na sawo, Alhaji. Ko a hanya ta haihu?"

Ya jujjuya sikelin, ya ga maɓallin, ya ga wasu ƙananan haruffa biyu a gefen lambar waɗanda bai taɓa kulawa da su ba. Kun san abin da bawan Allahn nan ya ce? Wai laifin masu ƙera shi ne, don mi za su haɗa awo biyu a abu guda. Sannan wai a bari zuwa ranar kasuwa, mota ta fi samuwa. Ranar kasuwa! Nan fa na manta da surukuta. Na ce mashi shi ne ya hana mace kai ɗiyarta asibiti da lambar da bai san sunanta ba, ya sa an yi mani dariya, yanzu kuma yana neman ƙarin kwana. Na shiga na goya yarinya, na ce wa ƙanwata ta ɗauko mayafinta, wanda ya isa ya tare mu. Muka fita.

A asibiti aka ɗora ta a sikeli, kilo biyar da ɗigo huɗu. Suka ce tamowa ce, ta yi nisa. Ma'aikaciyar da ta karɓe mu ta dubi ƙanwata ta ce, "Haba baiwar Allah, ina kika tsaya har ta zama haka?" Ƙanwata ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan cikinta. Ita da ta yi roƙo har sau ukku, ita aka tambaya. Wanda ya karanta lambar yana can yana bin kunya da fartanya.

Sun yi iya ƙoƙarinsu, ba zan ɗauki alhakinsu ba. An sa mata robar hanci, ana ɗura madara kaɗan-kaɗan. Rana ta huɗu da hantsi ta cika, tana kan cinyata.

Na san kwana ne ya ƙare, ba sai an karanta mani ba. Amma a wajen zaman makoki kowa sai ya ce ramar yaye ce, wata ma cewa ta yi sakacin uwa ne da ta yi saurin ɗaukar ciki. Babu bakin da ya ambaci sikeli. Ina zaune ina tafasa, ƙanwata na matsa mani hannu don in yi shiru.

Ranar addu'ar ukku, ina shirin tafiya, Alhaji ya tare ni a zaure. Bai dubi fuskata ba. Ya zaro sikelin daga aljihu ya miƙo, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Ki mayar mani da shi kilo."

Wallahi rijiyar ƙofar gidan na fara kallo. Sai na tuna akwai sauran yara huɗu a gidan da ba su kai shekara ukku ba, kuma ko na jefar da wannan, wani zai sawo. Na karɓa na danna maɓallin, na nuna mashi haruffan da zai riƙa dubawa, har sau biyu, na miƙa mashi. Na fita neman mai mashin.