Likitan Ƙwallo da Majinyaciyarsa ta Ƙarshe

A layin nan ba mai kiransa mai aski, ko da yake da askin ya ci ya sha har ya aurar da 'ya'ya. Likita ake ce masa, alhali ko kaza bai taɓa yi wa allura ba. Majinyatansa ƙwallayen tebur ne, 'yan fararen nan marasa nauyi da ake bugawa da katako a kan tebur mai raga a tsakiya. In ƙwallo ta loɓa, ko wani ya taka ta garin gudu, sai a kawo masa. Ya ɗora buta a risho, ya juye tafasasshen ruwa a kofin da yake jiƙa burushin kumfa, ya tsoma ta ya danne da cokali. Iskar cikinta ta ji zafi ta kumbura, loɓar ta miƙe. Sai ya share ta da tawul, ya murza ta a kan gilashin kantar shagon, ya kara kunne. In ta juya shiru, ta warke. In ya ji 'yar ƙara irin ta tsagaggen kofi, sai ya girgiza kai ya ce a yi haƙuri, kwana ya ƙare.

Wasan ya kama shi ne tun yana saurayi, a wata makarantar kwana inda yake zuwa yi wa ɗalibai aski. Da makarantar ta tashi zubar da tsohon teburinta, shi ya ɗauko shi a kan baro, ya kafa a rumfar kwanon da ke bayan shagonsa, ya tokare guntuwar ƙafar da bulo. Matarsa ta ce ita ba ta ga abin da babban mutum zai tsinta a bin farar aba da gudu ba. Ya ce kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Abin alfaharinsa a duniya sabis ɗinsa ne, wato bugun farko. Yakan jefa ƙwallo sama, ya shafe ta da katako ta ƙasa yana karya wuyan hannu, ta tafi tana murɗewa. Ka kai mata hannu nan, ta ɓulla can. In ma ka taɓa ta, sai ta nutse a raga. Samarin unguwa sun gwada sun gaji. Wanda bai gaji ba shi ne Direba, amininsa, tsohon matuƙin motar haya da ciwon baya ya sauke daga sitiyari. Kullum rana ta yi sanyi sai ga shi da katakonsa a aljihun riga, ya sha kashi, ya ɗora laifin a kan iska, ya ce gobe ma rana ce. Tun da matar Direban ta rasu, 'ya'ya kuma suka watsu neman abinci, wannan wasan ne kaɗai ke fito da shi daga ɗaki.

Ana nan sai zamani ya juya. Aka daina yin ƙwallo irin ta da, wai abin da ake haɗa ta da shi ya cika kama wuta, aka koma yin ta roba. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, malamar firamare, ita ta kawo masa kwali guda tana murna. Likita ya ɗauki ɗaya ya buga a gilashi, ya ji ta ce ƙwas. Ya ɓata fuska ya ce wannan ai da ciwonta aka haife ta. Ya gwada sabis da ita shi kaɗai, ya ga ta fi ta da girma kaɗan, kuma murɗar ba ta shigarta sosai. Auta ta ce an ce ta fi ƙarko, sai a daɗe ba ta fashe ba. Ya ce dutse ma yana da ƙarko, wa ya taɓa wasa da shi? Kwalin ya hau kan kabad. Kuma a gaban masu jiran aski ya furta cewa ranar da tsohuwar ƙwallonsa ta ƙarshe ta mutu, ranar zai rataye katako.

Jama'a suka yi dariya, ban da Direba, domin ya san mutuminsa: in ya tofar da yawu ba ya lashewa. Shi kansa Likitan da ya kaɗaice sai ya ji maganar ta yi masa nauyi. Yana son wasan nan kamar ransa, kuma ya san in tebur ya rufe, Direba zai koma ɗaki ya ja ƙofa. Amma ya riga ya faɗa, kuma an ji.

Tsofaffin ƙwallayen suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, har ya rage guda, wadda ta sha ruwan zafi har ta koma ruwan ƙwai. A cikin safa yake ajiye ta, ba mai taɓa ta sai su biyu. To, wata yamma Likita ya ja da baya zai tare wani bugu, ƙwallon ta riga shi ƙasa, diddigensa ya sauka a kanta. Da a ce Direba ne ya taka, da unguwa ta ji. Ya ɗauke ta a tafin hannu ya shige shago. Ruwan zafi ya yi iyakar ƙoƙarinsa, loɓar ta ƙi tashi. Ya sake tafasa wani, ko gezau. A nan ne mutumin da ya fi kowa sanin halin abar nan ya yi wautar da ko sabon shiga ba zai yi ba. Ya ce ai zafi ne bai ishe ta ba. Ya kama ta da bakin almakashi ya kai ta saman harshen risho, nesa-nesa, ya sunkuya yana leƙe. Fuu! Kafin ya ƙifta ido ba ƙwallo ba dalilinta, sai ƙauri, da rabin gashin bakinsa da ya bi ta. Garin gyaran gira an rasa ido.

Direba ya so ya yi jaje, dariya ta ci ƙarfinsa, ya riƙe baya yana hawaye. Likita ya tsaya gaban madubi ya aske sauran rabin, ya fita ya lulluɓe tebur da leda.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Direba yakan zo ya zauna a benci, su gaisa, hira ta ƙi tashi, ya koma gida tun da sauran rana. Daga baya ma sai ya fara tsallake kwana. Auta ta ji labari wurin mahaifiyarta. Ba ta tsaya yi wa uban nasiha ba, ta san inda za a ƙare. Ta biya gidan Direba ta taho da shi, ta shiga shago ta gaida Baba yana tsakiyar yi wa wani aski, ta taka kujera ta sauko da kwalin.

"Baba, kai ka ce ka bari. Kawu Direba bai ce ba."

Ya yi kamar bai ji ba. Ita kuwa ta fice da kwalin, suka yaye ledar tebur ita da Direba. Can sai ƙara ta fara shigowa ta taga, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ta ƙi yankewa. Ya saba jin bugu ɗaya ko biyu sai shiru. Wannan kuwa tafiya take, har da dariyar Direba a ciki. Kilifa ta fara bin ƙarar, wanda ake yi wa askin ya dafe ƙeya ya ce shi dai a bar masa kunnensa, yana da buƙatarsa. Likita ya gama da ƙyar, ya fita da tawul a kafaɗa, wai zai nuna wa yarinya yadda ake riƙe katako ne kawai, don riƙon nata abin kunya ne.

Ya karɓa, ya jefa ƙwallo sama, ya karya wuyan hannu kamar yadda ya saba. Ta tafi, ta ɗan murɗe, ta tashi sama sosai. Direba ya sa katako, sai ga ta ta dawo. Likita ya tsaya baki buɗe har ta kusa wuce shi, sannan hannu ya kai kansa. Ta je, ta dawo, ta sake zuwa. Tsofaffi biyu suna haki suna tsalle, bulon ƙafar tebur yana rawa, masu jiran aski sun fito sun yi cirko-cirko. Likita ya ji wani daɗi da ya manta da shi tun yana saurayi, har bai san yana dariya ba. A ƙarshe Direba ya kwaɗa mata wata, ta goge gefen tebur ta gangara ƙarƙashin benci.

Direba ya dafa tebur yana mayar da numfashi.

"Likita, shekara da shekaru ina zuwa nan tsintar maka ƙwallo. Yau ne muka yi wasa."

Maganar ta shige shi, ya ji kunya da farin ciki lokaci guda. Ashe duk tsawon zamanin nan shi kaɗai yake wasansa, amininsa yana tsaye a ɗaya gefen yana taya shi zama. Auta ta yunƙura za ta ɗauko ƙwallon, ya ɗaga mata hannu. Ya durƙusa da kansa, gwiwoyi suna ƙara, ya zura hannu ƙarƙashin bencin ya lalubo ta. Ko ƙwarzane ba ta yi ba. Ya share ta a jikin tawul ya miƙa wa Direba.

"Ungo, kai za ka fara. In ta faɗi, ni zan ɗauko."