Kwamfutar da Kawu ya yi wa banda

Mai gyara a kasuwar Yelwa yana buɗe kwamfutar ƙanwata, ƙamshin kifi ya cika shagon.

Kwamfutar ta ƙi tashi ne, ga aikin kammala karatunta a ciki, shi ne Kawu ya ɗora ta kan ragar bandar kifi.

"Baba, fayilolin da ke tayar da ita ne suka lalace," in ji mai gyara. "Me ya kawo hayaƙi?"

Kawu ya ce, "Ɗana, injin jirgin ruwana in ya ƙi tashi, sanyi ne. Ita ma ai inji ce."

Aka sake zuba mata fayiloli, ta tashi, aikin yana nan lafiya.

Kawu ya ce, "Kun gani? Sai yanzu ɗumin ya ratsa ta."

Ni dai ban musa ba. Ku fa, da za ku iya?