Ranar da gorar taubashina ta same ni a bayan sabara

Ni ɗan Yerimaram ne, shagon gyaran waya nake zama, abin da na sani game da daji bai wuce bidiyon da ake turo min ba. Taubashina ne, ɗan kawuna da ke Yindiski, ya ishe ni da gori. Duk ranar da ya shigo gari sai ya biyo shago ya ce hannuna bai iya komai ba sai shafa gilashi, wai ko ƙadangare ya leƙo zan ruga bayan Hajiya, mahaifiyata. Da abin ya kai ni maƙura, wata Asabar bayan an gama girbi na tari keke da sassafe na sauka ƙofar gidan Kawu.

Kawu ne ke jan farautarsu. Ba ta bindiga ba ce, karnuka ne da gorar jifa. Mun fi mu ashirin. Kafin mu shiga daji ya tsayar da mu gindin wata tsamiya ya faɗi doka, ya ce kowa ya san ta, saboda ni yake maimaitawa. A jere ake tafiya, ba mai wuce sahu. Ba a jifan motsin ganye, sai an ga naman da ido. Duk wanda zai tsuguna, ko ƙaya zai cire ko uzuri ne ya kama shi, sai ya ɗaga murya ya ce "mutum a ƙasa", ya kafa gorarsa ya rataya hula a kai yadda kowa zai hango. Wanda kuwa ya jefi mutum, a nan take za a karɓe gorarsa, shi da farauta sai baɗi.

Na ce to. Aka ara min gora da wata tsohuwar hula.

Inda matsala take, kafin mu fito matar Kawu ta dama min fura da nono mai tsami, na shanye kwano guda don kar a ce ɗan cikin gari yana yanga. Wajen ƙarfe goma cikina ya fara ƙugi. Na daure. Ya sake murɗawa. Na duba hagu, dattawa ne sa'annin Kawu. Na duba dama, ga taubashina yana tafe yana yi wa karensa fito. Na san in na buɗe baki na ce mutum a ƙasa a gaban wannan mutumin, to har jikokina sai sun ji labari. Sai na rage tafiya kamar ina duba waya, sahu ya ɗan yi gaba, na zame bayan wata sabara mai duhu na tsuguna. Gora a ƙasa, hula a kaina.

Ban fi minti biyu ba na ji karnuka sun ɗauki haushi. Ashe zomo suka tayar, shi kuma maimakon ya yi gaba sai ya ratsa sahu ya dawo baya, ya nufo sabarata kamar an aiko shi. Ni dai na ji fiiit, sai wani abu ya ratso ganye ya sauka a kafaɗata. Ƙarar da na yi, ni kaina ban san ina da ita ba.

Amma duk da azabar, abin da na fara yi shi ne jan wando. Kafin su iso na miƙe, na tako gaban sabarar, ina riƙe da kafaɗa.

Kawu ya lallatsa wurin, ya sa na ɗaga hannu na sauke, ya ce ba karaya, kumburi ne kawai. Sannan ya ɗauki gorar da ta same ni ya juya ta. Kowa ya san ta ɗansa ce. Taubashina ya rantse zomon ya gani da idonsa, kuma ba kowa a wajen sai sabara. Wani dattijo ya ce yaya za a yi mutum mai tsawo kamar wannan yana tsaye a ce ba a gan shi ba. Kawu in ransa ya ɓaci Hausa guduwa take masa, sai ya koma Ngizimanci. Ya yi ta yi. Ban ji duka ba, amma na gane inda ya ce da a ka ta same ni fa, me zai je ya gaya wa ƙanwarsa Hajiya. Ya saƙale gorar a hammata ya ce wa ɗansa ya kama hanyar gida.

Ni kuwa wallahi na yi niyyar in bar maganar a haka. Farkon farautar shekarar ke nan, kuma na san duk damina taubashina ya yi ta horar da karen nan saboda wannan lokacin. Amma kunya ta danne min baki.

Taubashina ya kira karensa ya ɗaura masa igiya. Na zaci zai harare ni. Sai ya zo ya tsaya gabana ya ce, "Sannu ɗan Hajiya. In ka je gida a gasa maka da ruwan zafi." Ba tsokana a muryarsa ko kaɗan. Tun da muka taso ban taɓa jin ya yi min magana haka ba. Ya juya zai tafi.

Na ce, "Kawu, ba a tsaye nake ba."

Kawu ya ce, "To a ina kake?"

Na nuna bayan sabarar. Na ce furar ce.

Sai dariya ta ɓarke. Har da masu zama a ƙasa. Dattijon nan ya ce ba sai an je ganin shaida ba, ga karensa can ya riga kowa zuwa. Kawu bai yi dariya ba sai da ya gama da ni. Ya ce a daji ba a jin kunyar ciki, kowa a nan ya taɓa tsugunawa, shi da kansa ya sha kafa hula a gaban surukinsa. Ya miƙa wa ɗansa gorarsa, ya karɓe tawa, ya rataya min buhun nama a kafaɗar da ke da lafiya, ya ce in tsaya kusa da shi inda idonsa zai riƙa ganina.

Da sahu ya sake jeruwa, taubashina ya matso yana kwance wa karensa igiya. Ya ce min a hankali ai tun da ya iso ya ga bel ɗina a kwance yana reto. Na ce to me ya hana shi faɗa, ana shirin kora shi gida.

Ya ce, "In ni na faɗa, na tona maka asiri, Hajiya ba za ta yafe min ba. Yanzu kuwa da bakinka ka faɗa, gaban mutum ashirin. Ka ga na samu abin yi har mu tsufa."

Ya yi wa karen fito suka koma wurinsu a dama.