Zangon Inna Hansatu

Na manta tafiye-tafiye da yawa a wannan aiki, amma ban taɓa mantawa da ranar da na nemi Inna Hansatu na rasa a tsakiyar filin jirgin Larabawa ba. Ku sabbin shiga ku buɗe kunne, don wata rana ku za a damƙa wa iyayen mutane.

Cikin Sha'aban ne, kafin zuwan korona. Lokacin ina ƙaramin jami'i a ofishinmu na shirya tafiye-tafiye da ke Takur a Dutse, manaja ya ba ni rakiyar masu Umra daga Kano. Jirgin ba kai tsaye yake zuwa Jidda ba, sai an yada zango, wato a sauka a wata ƙasa a jira wani jirgin. Aikin ɗan rakiya shi ne ya duba allo ya gano ƙofar jirgi na biyu, ya tattara mutanensa a can, ya tsare su. Kuma ana rufe ƙofa tun kafin lokacin da aka rubuta na tashi. Manaja ya ja mini kunne: "Lawan, ko mutum ɗaya ka bari, kada ka dawo mini Dutse."

Inna Hansatu tsohuwa ce daga wani ƙauye a bayan Kafin Hausa, ba ta taɓa wuce Kano ba. Sai da muka lula sama ta jawo hannun rigata ta ce, "Ɗan nan, garin da za mu tsaya, a nan Sabi'una yake." Ashe autanta ne, leburan lodin kaya a wannan filin. Tun da ya tafi bai zo gida ba, har mahaifinsa ya rasu bai samu halartar jana'iza ba. Shi ya biya mata kuɗin Umra, kuma da gangan ya zaɓi jirgin da zai bi ta wurin aikinsa. Sun yi alkawari ta jira shi a bakin masallacin mata.

Muka sauka. Jama'a, filin nan ya fi Dutse cika! Na kai mutanena ƙofa da ƙyar, na raka Inna bakin masallacin muka tsaya. Shiru, ba Sabi'u, wayarsa kuma a kashe. Da lokaci ya ja na lallaɓa ta muka koma, na zaunar da ita, na shiga taimaka wa wani dattijo da takalminsa ya tsinke.

Ana fara kiran fasinja na waiga, sai mayafinta kawai a shimfiɗe kan kujera, da butarta a ƙasa. Innalillahi! Na ce wa wani malamin makaranta a cikinmu ya shigar da sauran, ni kuma na zura da gudu kamar an biyo ni.

A bakin masallacin na same ta, ta ƙura wa hanya ido, tana leƙa fuskar duk baƙin mutumin da ya gifta.

"Inna, don Allah taso, jirgi zai tashi!"

"Ina zai je? Ai na kama wuri, ba ka ga mayafina ba? Ka ce wa direban saura mutum ɗaya."

Ita a saninta haka ake yi. A tashar Kafin Hausa in ka ajiye kaya a kujera, ka tafi ka yi cefanenka, mota ba ta motsi sai an nemo ka. Na ce, "Inna, nan ba a jira. Kayanki ma sauke su za su yi."

Ta dube ni ta ce, "To su sauke. Yaron nan ko gaisuwar ubansa ban yi masa ido da ido ba."

Wallahi na san dokar aiki sarai, amma na kasa ɗaga mata murya. Muna cikin haka wayata ta yi ƙara, Sabi'u ne, yana haki. Ya ce an hana shi shigowa, katinsa na ma'aikatan waje ne, ba ya buɗe ɓangaren fasinja. Ya yi roƙo har ya gaji. Abin da ya samu kawai, shugabansu ya yarda ya koma cikin masu lodin jirginmu. Na miƙa mata wayar, ya ce, "Inna, ki shiga jirgin. Ina ƙarƙashinsa."

Ban san tsohuwar nan tana da sauri haka ba. Muka iso ma'aikaciyar ƙofa na shirin rufewa, ta harare mu, ta karɓi katinmu.

Kujerar Inna a tsakiya take. Na roƙi wani Bature da hannu da ka, ya tashi ya ba ta taga. A ƙasa lebura ne birjik, duk riga iri ɗaya, kowa ya naɗe fuska saboda zafin rana. Na ce a raina yau ta ina za ta gane shi? Can sai ta dafa gilashi ta ce, "Ga shi can. Tafiyar ubansa ce."

Wani dogo ne, ya ajiye akwati ya tako gefen fiffike yana bin tagogi da ido, yana ɗaga hannu. Bai san wacce ba ce, daga waje ba a ganin ciki. Ita kuwa tana ta kiran sunansa a hankali, tana ce masa ya rame. Har jirgi ya juya hannunta na kan gilashin. Ni dai na sunkuyar da kai, don hawaye nake yi.

Dawowarmu ta wata ƙasar muka bi.

Abin da na koya shi ne, mu a takarda zango ɓata lokaci ne, so muke ya gajarta. Amma wani fasinjan saboda zangon ya ɗaura rabin niyyar tafiyarsa, kuma ba zai faɗa maka ba sai ka tambaya. Tun daga ranar, kafin na yanka wa tsoho tikiti sai na ce, "Baba, akwai wanda kake son gani a hanya?"

Inna Hansatu tana nan da ranta, Sabi'u kuma har yanzu bai zo ba. Duk sanda na bi ta ƙauyensu na tsaya gaishe ta, ba ta tambayata komai sai abu ɗaya: "Ɗan nan, in ka sake bi ta can, ka duba mini ko ya yi ƙiba."