Gomezgani da Gangar Ƙarƙashin Ruwa

Duk garin Nkhata Bay na bakin tafki an san Gomezgani Mhone da rashin zama wuri ɗaya. Ya taɓa ɗinki ya bari, ya yi kwandastan mota ya bari. Da ƙyar kawunsa Longwe ya ɗauke shi a kwale-kwalensa, aikin nutso cikin tafki don kamo mbuna, ƙananan kifayen nan masu launi da ke zama tsakanin duwatsu, waɗanda ake sayarwa da ransu.

Kamun bai ba shi wuya ba, jira ne bala'insa. Kifin da aka kamo can ƙasa ba a fito da shi nan take. A ganga mai huda-huda ake zuba shi, a bar ta rataye da igiya cikin ruwa, kullum a ɗaga kaɗan. Karon farko Gomezgani ya fizgo gangar lokaci guda. Kifayen suka iso ciki a kumbure, idanu waje, ko ɗaya bai yi rai ba.

"Kai ɗan nan, ƙaiƙayi ne a hannunka?" in ji Longwe. "Ka sake, ka koma kiran fasinja."

Da aka sake cika gangar da wasu kifaye shuɗaye masu zane, sai abinci ya gagari Gomezgani. Ya zauna, ya miƙe, ya leƙa tafki, ya dawo.

"Maigida, tuwon rogon nan ba ƙaya a ciki," in ji matarsa Nyakamanga. "Ko kifayen ne suka aiko kiranka?"

"In sun mutu a can fa, ina nan zaune?"

"To je ka gaishe su mana, surukanka ne."

Zolaya take yi, amma shi ya ɗauka da gaske. Ya tuƙa kwale-kwale zuwa wurin igiyar, ya kama ta kamar zai fizgo. Sai ya saki, ya ɗaura gilashin ido ya nutsa. Ga kifayen nan suna kewayawa cikin gangar lafiya lau. Tun daga nan, duk sanda hannun ya fara ƙaiƙayi, shi yake sauka wurinsu, safe da rana da yamma.

Ranar da gangar ta iso sama, Longwe ya leƙa, ya daɗe yana kallo.

"Duk da rai. To zauna ka huta mana."

Gomezgani ya riga ya faɗa ruwa neman wasu kifayen.