Minti Arba'in na Shan Shayi a Taron Masu Nazarin Ƙanƙara

Lahadi: Katsina zuwa Kubwa

Ƙarfe shida saura minti goma, gari bai waye ba, muka fito daga gida a Ƙofar Guga, ni da ɗiyata Rahama. Na tsara mu fita saura kwata, mahaifiyarta ta cinye minti biyar da addu'a.

Rahama tana digiri na biyu, tana nazarin ƙanƙarar da ta lulluɓe ƙarshen duniya ta kudu, daga hotunan tauraron ɗan'adam. An gayyace ta taron kwana uku a Abuja na matasa masu irin wannan karatu. A wurin akwai wata Farfesa daga Afirka ta Kudu da za ta zaɓi 'yan kaɗan ta kai su horo a jirgin ruwa, su ga ƙanƙarar da idonsu. Wannan gurbi Rahama take nema shekara biyu. Ni kuwa shekara talatin na yi ina auna ruwan sama a ofishin gona a Batagarawa, ban taɓa tsallake safiya ba. Don haka na ce zan raka ta, saboda ban yarda da tsarin kowa ba.

A tasha direba ya ɗaga buhuna ya ce, "Alhaji, mi ke ciki?"

Na ce, "Bargo biyu da rigar sanyi. Taron ƙanƙara za mu a Abuja."

Ya ce, "Har Abuja? Ai da kun tsaya Ƙofar Kaura, akwai mai saida ta, da sanyinta."

Ban yi dariya ba. Sauran 'yan motar sun yi.

Mun tashi bakwai da minti biyar. Malumfashi tara da rabi, inda jami'i a shinge ya sa na kwance bakin buhun, ya dubi bargon, ya dubi rana, ya ce Allah ya ƙara sauƙi. A Funtuwa muka ci waina. Kaduna ɗaya da minti arba'in, muka yi Azahar, muka shiga jirgin ƙasa. Kafin magariba muka sauka Kubwa, gidan wani tsohon abokin aikina, aka tarbe mu da tuwon shinkafa.

Litinin: ranar farko

Ba ni da katin shiga, sai aka ba ni kujera a baranda. Tun a gida na karɓi takardar tsarin taro na bi ta da jan biro. Sau biyu a rana an rubuta shan shayi, minti arba'in kowanne. Na soke su duka. Wanda ya karya a gida me zai yi da shayi? A gurbinsu na rubuta: bitar takarda.

Goma da rabi daidai na tsaya bakin ƙofa, na ɗauke Rahama daga cikin mutane, na kai ta lungu ta karanta mini takardar bincikenta, ina duba agogo. Ban fahimci komai ba, amma na rage mata minti ɗaya da rabi. Da yamma ma haka. Na kwanta ina jin na yi aiki.

Talata: ranar da aka gyara ni

Da safe na sake ɗauke ta. Ta zauna, ba ta buɗe takardar ba.

Na ce, "Lokaci na tafiya."

Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, in faɗa maka wani abu?"

"Faɗi."

"Shan shayin nan shi ne taron. A zaure kowa sauraro yake. A wurin shayi ake sanin mutum, a nan Farfesa take tambayar kowa aikinsa. Gobe da azahar za ta rufe sunaye, kuma har yanzu ba ta san fuskata ba."

Na dubi jan birona. Sau uku ke nan na tsare ɗiyata daga abin da ya kawo ta, kuma kowane sau a kan lokaci.

Da yamma na sake ta. Ta dawo jiki a sanyaye, wai mutane sun yi wa Farfesa zobe, ko sallama ba ta samu yi ba.

Bayan la'asar na buɗe littafina, don ni duk abin da ya gifta gabana sai na rubuta shi. Sai ga wani abu. Litinin da safe, Litinin da yamma, Talata da safe: wata dattijuwa mai furfura ta fito ta ƙofar gefe, ta zauna ƙarƙashin bishiya tana murza hannu, minti shida, ta koma. Na kwatanta wa Rahama ita. Ta ce ai ita ce Farfesar. Ashe matar da ta yi rayuwarta a kan ƙanƙara, sanyin na'urar zauren ne yake korar ta waje ta sha rana.

Laraba: minti shida

Sha ɗaya saura minti takwas ta fito, kamar yadda na lissafa. Muna nan tsaye. Kuskurena na ƙarshe shi ne na ga bai kamata yarinya ta fara magana ba babba bai gaisa ba. Da ɗan Turancina na tambaye ta kwana, da gajiya, da masauki, da mutanen gida, da yadda ta baro damina a can. Ina shirin tambayar yara, Rahama ta ce a hankali, "Baba, saura huɗu."

Na ja da baya har jikin bango.

Huɗun suka zama ashirin. Farfesa ta karɓi takardar, ta zaro biro tana zane a bayanta. Aka buga ƙararrawa, ba wadda ta motsa. A rayuwata ban taɓa ganin an makara na ji daɗi ba sai ranar.

Uku da rabi aka kafe sunaye, daidai lokacin shayi. Sunan Rahama na ciki. Farfesa da kanta ta aiko mini da kofi a baranda, na shanye. Da ta zo sallama na tambaye ta ƙarfe nawa rana take faɗuwa a can. Ta ce a watannin da za su je, in suka yi nisa, ba ta faɗuwa sam. Na sa ta maimaita.

Alhamis: gida

Jirgin safe zuwa Kaduna, mota zuwa Katsina, muka shiga Ƙofar Guga shida saura minti ashirin. Buhun ya dawo yadda ya tafi, kuma Rahama ta ce kayan sanyi a jirgin ruwan ake ba su.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da mai masaukinmu, da Rahama da ta jira har Talata kafin ta gyara ni. Yanzu na ja layi a sabuwar takarda zan tsara mata yini a ƙasar da rana ba ta faɗuwa. Lokutan salla na kai wa limamin unguwa, yana dubawa. Layi ɗaya kawai na cike da kaina: shan shayi, minti arba'in.